Littafin Dikko

Nasarawa, Birnin Kebbi
Farkon Janairu

Zuwa ga Kawu Hodi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida da Abbas. Yaya ciwon gwiwa? Yaya Inna? Na san kunnenka ba ya ɗaukar waya yanzu, shi ya sa na ba Tamba direba wannan takarda, tun da kullum yana kan hanyar Argungu.

Ni lafiya lau. Mun gama zaman aji a Sakkwato, an rarraba mu wuraren koyon aiki. Lokacin da na ce maka digiri na biyu zan yi a kan rubutu da buga littafi, ka ce ashe har rubutu ma sai an koma jami'a. To ga abin da ake yi. An turo ni wata ƙaramar maɗaba'a a nan Nasarawa, ta wata mata, Hajiya Balaraba. Daga safe zuwa la'asar ina duba rubutun mutane, in gyara ƙa'ida, in sa ƙugiya inda aka manta da ita. Wata rana in shiga ɗakin inji in taya su ninke takardu da ɗinki. Hajiya ta ce idona yana da kaifi. Aikin bai dame ni ba. Babu abin da yake damuna sosai yanzu.

Kafin a ba mu shaidar kammalawa, dole kowa ya rubuta ɗan littafinsa, ya bi shi tun daga alƙalami har ya fito da bango. Wasu sun ɗauki labarin soyayya, wasu tarihin garinsu. Ni da na zauna, abin da ya fito a takarda yayana Dikko ne. Na rubuta yarintarmu, da yadda yake riƙe ludayi a baki yana kwaikwayon mai karanta labarai a rediyo, da yadda ya raɗa wa kowane fegin albasarsa suna. Babi shida ke nan. Saura na ƙarshe, na ranar ambaliya.

Ranar ba na gari. Abin da na sani shi ne abin da aka yi ta faɗi wurin ta'aziyya: sun tafi kwaso shinkafa daga fadama, jirgi ya kife. Haka na rubuta. Hajiya ta karanta ta ce wannan sanarwa ce, ba babi ba, sai na nemo yadda abin ya faru. Kai kana bakin gulbi ranar. Don Allah ka rubuto mini: yaya lodin yake, ta ina suka bi, wa yake riƙe da gwangwalar tuƙa jirgin.

Ka gaishe da Inna. Ka ce mata aiki ne ya yi yawa.

Taka,
Rauda

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
Ƙarshen Fabrairu

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Tamba ya ce a hannunka ya ba ka takardata, kuma ya gan ka a kasuwa kana tafiya da ƙafarka, don haka na ce ƙila aikin albasa ne ya sha kanka.

Ga maganin hawan jinin Inna, yana cikin ledar nan. Ɗaya da safe, bayan ta ci wani abu.

Nan dai kamar kullum. Mun buga littafin lissafi na firamare, yanzu muna kan tarihin wani malami da jikokinsa suka kawo. An koya mini yadda ake jera shafuka a kan babbar takarda, wasu a kife wasu a tsaye, idan aka ninke sai kowanne ya faɗa wurinsa. Na iya. Ina dawowa ɗaki in ci abinci in kwanta.

Malaminmu na jami'a ya aiko cewa duk wanda littafinsa bai shiga inji kafin damina ta yi nisa ba, sai baɗi. Idan rubutu mai tsawo zai wahalar da kai, ko sunayen waɗanda suke cikin jirgin kawai ka aiko mini. Sauran zan nemo da kaina.

Rauda

*

Argungu
Maris

Zuwa ga Rauda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Magani ya iso. Mahaifiyarki tana nan yadda kika bar ta, abinci kaɗan, magana kaɗan. Tana wuni bakin ƙofar ɗaki da tasbaha.

Takardunki biyu suna hannuna. Ba albasa ta hana ni amsawa ba. Na rasa yadda zan amsa ne ba tare da na faɗi abin da zai ɓata zumunci ba.

Kin tambayi wa ke riƙe da gwangwala. Duk Argungu an san wa ke riƙe da ita. Ɗana Abbas ne. Sannan kika ce in aiko miki da sunaye, sauran ki nemo da kanki. Ni da mahaifiyarki kakanninmu ne suka haɗa uwa, dangantaka ce mai nisa, amma katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma tun da mahaifinku ya rasu ban taɓa bambanta ku da ɗiyana ba. Yaron nan tun daga ranar bai sake taka jirgi ba. Ɗan da aka haifa bakin gulbi, yanzu dako yake yi a injin casar shinkafa. In ya wuce majalisa sai a yi shiru. Shi ke ɗebo wa mahaifiyarki ruwa, shi ke kai mata niƙa. Ke kuwa tun sadakar arba'in ba mu ga ƙafarki ba, alhali daga Birnin Kebbi zuwa nan ba tafiyar kirki ba ce.

In ƙara kike da ita, ki taho ki zauna gabanmu ki faɗe ta da bakinki. Amma ki buga sunan ɗana cikin littafi, ya tafi Kano da Zariya, mutanen da ba su san zurfin gulbin nan ba su yanke mishi hukunci, wannan ban yarda ba.

Allah ya ba ki sa'ar karatu.

Hodi

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
Maris

Kawu,

Na gaishe ka. Takardarka ta same ni a wurin aiki. Na karanta ta, na ƙarasa shafin da nake dubawa, sannan na sake karanta ta.

Aikina ke nan kullum, in gano inda jimla za ta faɗi abin da mai ita bai nufa ba, amma tawa ta wuce ni. Ka yi haƙuri. Na san Abbas yana cikin jirgin. Ban san shi ne da gwangwala ba, ba wanda ya faɗa mini, ni kuma ban tambaya ba. Tambayoyin da na jera maka irin waɗanda ake koya mana a aji ne: me aka ɗauka, ta ina aka bi, wa yake ina. Na jera su kamar yadda zan jera wa kowa.

Ba ni da ƙara a kan Abbas. Da zan iya jin haushin wani, Kawu, da na gode wa Allah. Ranar da aka bugo mini waya ina guga ne. Na ce inna lillahi, na ajiye wayar, na ƙarasa gugar. Na ce kuka zai zo a mota. Na ce zai zo idan na ga Inna. Mata suka yi ta riƙe ni suna cewa in yi haƙuri, ni kuwa ina kallon wata tsaga a bangon ɗaki. Har yau bai zo ba. Abin da ya hana ni zuwa gida ke nan. Inna tana duban fuskata tana neman wani abu, ni kuma ba ni da shi. Na zaci idan na rubuta Dikko ƙila in same shi a can.

Ga babi shidan a cikin ambulan nan, kwafin gwaji ne. Ka karanta, ka ba Abbas ya karanta. Idan ɗayanku ya ce a bari, an bari. Zan jira baɗi in rubuta wani abu a kan noman shinkafa.

Rauda

*

Argungu
Afrilu

Ɗiyata Rauda,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Muna lafiya. Zafi ya tsananta, albasa ta faɗi warwas a kasuwa, sai dai godiya. Gwiwa tana nan, muna tare.

Na yi miki mummunar fahimta. Tsufa ne da tsoron uba. A bar shi nan.

Na karanta babi shidan. Na yi shekaru ina koyar da Hausa a firamare, ban taɓa zaton zan ga yaron da na tsawata wa kan satar mangwaro yana yawo cikin takarda ba. Abbas ya tafi da su wurin aiki, ya dawo da su da ƙurar buntu a jiki. Sai washegari ya zo ya same ni. Ya ce a rubuta, kuma a sa sunanshi, don gara abin ya fito daga hannunki da ya yi ta yawo a bakin majalisa.

To ga abin da idona ya gani. Ruwa ya taho da ƙarfi, shinkafar da Dikko da Abbas suka yanke tana tare a fadama. Sun yi sawu sun dawo lafiya, suka sake komawa. Kafin ya shiga, Dikko ya miƙo mini takalminshi da wayarshi, ya ce in riƙe, kada in kira 'yan mata da ita. Lodin bai wuce ƙa'ida ba, ni shaida ne. Suna dawowa, daidai inda gulbi ya yi kwana, wani kututture da ruwa ya ɗauko ya bugi jirgin ta ƙasa. Abbas ya kafa gwangwala, ba ta sami ƙasa ba. Jirgi ya juya. Dikko ya taso sau ɗaya rungume da dami. Muka yi ta ihu ya saki. Ya saki, na ga ya saki. Daga nan ban sake ganinshi ba. Masunta suka same shi washegari can ƙasa, hanyar Zauro. Iyakar abin ke nan. Ba wanda ya yi ganganci.

Akwai wani labari. Ina karanta babin ludayi a zaure na yi dariya, ashe da ƙarfi, kin san kurma bai san tsawon muryarshi ba. Mahaifiyarki ta aiko a tambayi lafiya. Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na shiga na gaya mata gaskiya. Ta ce in karanta mata. Yanzu kullum bayan la'asar nakan ɗauki kujerata in shiga. Inda kika rubuta cewa Dikko ba ya tsoron komai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Wagga ƙarya ce," in ji ta. "Kaza mai ɗiya yake tsoro har ya yi gemu."

Rabona da in ji ta yi magana mai tsawon haka na manta. Ki gyara wurin.

Kawunki,
Hodi

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
Mayu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan zafi ya yi sauƙi. Nan an yi yayyafi jiya, bai jiƙa ƙasa ba.

Na gyara maganar kaza. Na rubuta babi na bakwai kamar yadda ka ba ni shi, ban ƙara ba, sai abin da Abbas ya faɗa mini. Ya kira ni a waya, ƙila bai gaya maka ba. Ya yi magana, ni ina rubutawa. Da ya gama ya tambaye ni ko ina nan, na ce ina nan. Ka gode masa.

Hajiya Balaraba ta karanta a ofis ta rufe ƙofa. Da ta fito ta ce ba kwafin jami'a kawai za a buga ba, za ta buga da yawa ta kai shagunan littattafai, da sunan maɗaba'arta. Abokan karatuna sun ce wannan babbar sa'a ce, ba kowane ɗalibi yake samu ba. Na ce na gode. Ta ce wani ya duba mini babin ƙarshe, don marubuci ba ya ganin kuskurensa, balle a irin wannan. Na ce zan iya. Na duba shi layi layi, na sami inda waƙafi ya ɓace, na sa. Kamar littafin lissafin nan.

Ga kwafin babin. Kai ka san yadda za ka yi da shi wajen Inna.

Rauda

*

Argungu
Yuni

Ɗiyata,

Sallama. Mun sami ruwa, an fara shuka a tudu. Kowa lafiya. Mahaifiyarki ta fara cin tuwon dare, har ta aika a sayo mata daddawa wurin wadda take so, ta ce ta sauran ba ta da ƙamshi.

Na jinkirta amsa don ina jiran in ga yadda za ta kaya. Mun kai ƙarshen babi na shida, inda Dikko ke wasa lauje da yamma yana cewa bana sai ya canza rufin ɗakinta. Na ce mata akwai saura, ya iso. Sai ta ce in koma farko. Muka koma. Muka sake isowa wurin, ta sake cewa in koma farko. Yanzu ba na tambaya. In mun zo lauje sai in juya takardu.

Ga damuwata. Labari ya bazu cewa littafi zai fito, mata suna shigowa yi mata barka. Ta ce tana son nata, mai bango, wanda za ta ajiye a ɗakinta. Kin san ba ta karatun boko. Duk wanda ya shigo za ta miƙa mishi ta ce ya karanta mata, kuma ba kowa ne zai san inda ake tsayawa ba. Hana ta ba zai yiwu ba. In an ba ta kuma, ina tsoron ranar da wata za ta zarce da ita har bakin gulbi ba shiri.

Ban san dabarar ba. Ke kika yi karatun.

Hodi

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka da damina. Littafi ya fito. Na je Sakkwato na kare shi gaban malamai, sun ce na ci. Sun yi tambayoyi a kan zaɓin takarda da farashi da yadda za a kai shi kasuwa, na amsa. Wani ya tambaye ni yadda na ji da na riƙe shi a hannu. Na ce bangon ya fi yadda na zata duhu.

Ƙunshi biyu na ba Tamba. Babban naka ne da na Abbas da duk wanda ka ga dama. Ƙaramin, mai ɗaurin zare, na Inna ne.

Na taɓa gaya maka ana buga littafi a kan manyan takardu ne a ninke, sannan a jera ninkin a ɗinke. Babi na bakwai ya faɗa a ninkin ƙarshe shi kaɗai. Kafin a kai wa injin ɗinki na ware saiti ɗaya, na cire wannan ninkin, na ɗinke sauran da hannu, na shafa gam na manna bango. Na rage faɗin ƙeyar bangon don kada ya yi sako-sako. Hajiya ta gan ni, ta tsaya ta duba ɗinkin, ta ce in ƙara matse zaren, ta wuce. A wannan kwafin littafi yana ƙarewa a kan lauje. Kowa ya karanta mata, ba inda zai zarce.

Rauda

*

Argungu
Yuli

Ɗiyata Rauda,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a karatu. Muna lafiya. Gulbi ya fara cika, amma a hankali.

Saƙo ya iso. Abbas ya ɗauki nashi ya shiga ɗaki. Aikin hannunki ya yi kyau, ni kaina ban ga bambanci ba.

Na kai mata nata bayan la'asar, nawa yana hammatata. Ta goge hannu da zane ta karɓa. Ta shafa bangon, ta shinshina, ta sa na nuna mata inda sunanki yake da inda sunanshi yake. Sai ta ce in ba ta nawa ta gani. Ban yi tunani ba na miƙa. Ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Matar da ta yi shekaru tana awon shinkafa, Rauda.

"Wanga bai kai naka nauyi ba," ta ce.

Na fara kame-kame, ta ce in bari. Ba ta yi fushi ba. Ta tambaya ko ke kika cire da hannunki, na ce ke ce. Ta daɗe tana bin zaren da yatsa. Ta ce ɗinkin ya yi, ba ta san kin iya riƙe allura ba.

Sannan ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don ta tabbata kunnena ya ɗauka. Ga shi yadda ta faɗa:

"Ka ce ma Rauda na san inda labarin ya tafi, a gidan nan aka yi mishi sutura. Ba tsoron ji nike ba. Ba ni son in ji shi a bakin kowa ne. Ta taho da sauran, ta zauna nan ta karanta min da kanta. Ko ta yi kuka ko ba ta yi ba, ba ruwana. Ta dai taho."

Maganar kuka ba ni na gaya mata ba. Ban taɓa karanta mata waccan takardar taki ba.

Na isar.

Kawunki,
Hodi

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
Laraba

Kawu,

Na gaishe ka, na gaishe da Inna.

Na nemi izini wurin Hajiya, ta ba ni. Zan biyo motar Tamba ranar Juma'a da safe. Don Allah kada a tara mutane, kada a yi girki na musamman.

Ninkin da na cire yana nan, ban yar ba. Na sa shi a jaka.

Ban san yadda zai kasance ba. Ƙila in karanta shi tun daga farko har ƙarshe kamar yadda nake karanta na kowa, ƙila kuma in kasa. Ka zauna kusa. Idan na tsaya a tsakiya, kada ka karɓi takardar daga hannuna. Ku dai jira ni.

Rauda